Kakar Formula 1 ta 2021: ɓarakar alƙalanci ta fara tun kafin daren Abu Dabi

Ranar Lahadi 12 ga Disamba 2021, da motoci suka jeru a filin Yas Marina na Abu Dabi domin tseren ƙarshe na shekara, Lewis Hamilton na ƙungiyar Mercedes yana da maki 369.5, Max Verstappen na ƙungiyar Red Bull shi ma yana da maki 369.5. An riga an yi tsere 21, an tashi daga Bahrain an ratsa Turai, an haura Amurka da Meziko da Barazil, an dawo ƙasashen Larabawa, amma lissafi ya ƙi raba su. Rabon da a shiga tseren ƙarshe na Formula 1 ana kunnen doki haka tun 1974, zamanin Emerson Fittipaldi da Clay Regazzoni.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai cikin lissafin shi ne rabin makin nan da ke manne a wutsiya. Ba a saba ganin rabin maki a wannan gasa ba. Ya samo asali ne daga filin Spa na ƙasar Beljiyam, ranar 29 ga Agusta, inda aka wuni ana tafka ruwan sama, 'yan kallo suna tsaye cikin taɓo sa'o'i da yawa. Can da yamma aka fito da motoci suka ɗan zagaya a bayan motar jagora, wato motar da ke shiga gaba ta rage wa kowa gudu, ba a yarda kowa ya wuce kowa ba, sannan aka ce an yi tsere, aka raba rabin maki bisa jerin da suka samu a gwajin gudu na ranar Asabar, wanda ke tsara jerin tashi. Verstappen ya tashi da 12.5, Hamilton da 7.5. Tazarar maki biyar ke nan daga tseren da ba a yi ba, a shekarar da aka rufe da bambancin maki takwas.

Jama'a sun fi tunawa da zagayen ƙarshe na Abu Dabi, kuma da gaskiyarsu. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya faru a daren nan ƙarshen wata ɓaraka ce da ta fara tun watan Maris. Direbobi biyu da suka fi kowa a zamaninsu sun samu motoci masu kusan ƙarfi ɗaya, suka riƙa matsa wa doka lamba mako bayan mako, masu riƙe da dokar kuwa suka kasa faɗa musu takamaimai inda iyaka take.

Ga wanda bai saba bin gasar ba, a 2021 ƙungiyoyi goma ne, kowacce da mota biyu, motocin nan masu kujera ɗaya da tayoyinsu a fili. Wanda ya zo na ɗaya yana samun maki 25, na biyu 18, na uku 15, haka har zuwa na goma mai maki ɗaya, sannan a lokacin akwai ƙarin maki ɗaya ga wanda ya yi zagaye mafi sauri. Kambu biyu ake nema, na direba da na ƙungiya. Dole kowane direba ya shiga gareji ya canza taya aƙalla sau ɗaya idan babu ruwan sama, kuma tayoyin kala uku ne: mai laushi tana da gudu amma ba ta daɗewa, mai tauri tana daɗewa amma ba ta kama kwalta sosai, sai matsakaiciya. Kwance taya huɗu da ɗaura wasu ba ya wuce sakan biyu zuwa uku a hannun kanikawa, amma shiga garejin da fitowa yana cin sama da sakan ashirin. Rabin dabarar tseren a nan take.

Akwai kuma wani bambanci da sai an riƙe shi kafin a fahimci rigimar shekarar. Daraktan tsere shi ke tafiyar da fili: shi ke cewa a fito da motar jagora idan an yi haɗari, domin kowa ya rage gudu ya bi ta a baya, shi ke ɗaga jar tuta a dakatar da tsere. Alƙalan tsere kuwa kwamiti ne daban, su ke duba laifi su yanke hukunci, kuma ana sauya su daga tsere zuwa tsere. Duka suna ƙarƙashin FIA, hukumar tseren motoci ta duniya. Shekaru da yawa Charlie Whiting ne ke riƙe da kujerar darakta, mutumin da direbobi ke jin nauyinsa tun kafin ya buɗe baki. Ya rasu kwatsam a Melbon a watan Maris 2019, ana saura kwanaki uku a fara kaka, aka ɗora Michael Masi ɗan Ostireliya a gurbinsa.

Me ya sa 2021 ta yi zafi haka, bayan Mercedes ta shafe shekara bakwai tana lashe komai tun daga 2014? Annobar korona ce ta fara sauya lissafi. An so a kawo sabon tsarin mota gaba ɗaya a 2021, aka ɗage shi zuwa 2022 domin rage kashe kuɗi, aka ce ƙungiyoyi su ci gaba da ƙirar 2020 da ɗan gyara. Amma an taɓa abu ɗaya: an yanke wani yanki na ƙasan mota, daidai gaban tayoyin baya, domin rage ƙarfin iskar da ke danne mota a kan kwalta, saboda tayoyin Pirelli sun fara nuna alamun nauyin ya yi musu yawa. Wannan dannewar iska ita ce ruhin motar Formula 1. Fukafukanta na gaba da na baya da shimfiɗar ƙasanta suna aiki ne kamar fiffiken jirgin sama da aka kifa, shi ya sa take shan kwana da gudun da wata mota za ta wuntsila. Motar Mercedes doguwa ce, kwance kusa da ƙasa. Ta Red Bull kuwa, wadda Adrian Newey ya jagoranci ƙirarta, hancinta a sunkuye yake, bayanta a ɗage. Yankan nan ya fi cutar da mai kwanciya.

Sai kuma Honda. Kamfanin na Japan ya sanar a watan Oktoba 2020 cewa zai fice daga gasar a ƙarshen 2021, don haka injin da ya tanada domin 2022 ya jawo shi gaba ya ba Red Bull. Haka kuma shekarar ce aka fara ƙayyade kuɗin da ƙungiya za ta kashe, dala miliyan 145, wanda ke nufin kowace mota da aka ragargaza tana cin kuɗin da za a inganta wani abu da shi, kuma kowace ƙungiya sai ta zaɓa tsakanin yaƙin bana da shirin motar baɗi.

Mutanen biyu su ma ba irin juna ba ne. Hamilton yana da shekara 36, ya ci kambu bakwai, daidai da Michael Schumacher, kuma na takwas zai sa ya zama shi kaɗai a tarihi. Shi ne baƙar fata na farko da ya tuƙa a gasar, yaron da mahaifinsa ya haɗa ayyuka da yawa a lokaci guda domin biyan kuɗin tseren ƙananan motoci. Verstappen kuwa ɗan gado ne, mahaifinsa Jos ya yi Formula 1, shi ma ya shigo yana ɗan shekara 17 a 2015, ya ci tserensa na farko a Sifaniya a 2016 yana da 18. Salonsa a fili yake: idan ya cusa hancin motarsa cikin kwana, ko dai ka ja baya ko ku yi karo, zaɓi naka ne. Hamilton ya saba lissafin dogon zango, ya gwammace ya bar kwana ɗaya ya tsira da maki. A watannin farko haka ya yi, a Imola ya kauce, a Sifaniya ya kauce.

Alamar matsala ta bayyana tun a tseren farko, ranar 28 ga Maris a Bahrain. A kwana ta huɗu akwai fili bayan farin layin da ke nuna iyakar hanya, kuma an faɗa wa direbobi kafin tsere cewa ba za a sa ido a kan wurin ba. Hamilton ya yi ta fita ta nan, sama da sau ashirin, yana samun ɗan sauri. Tsakiyar tsere sai aka aiko cewa ya daina. Ana saura zagaye huɗu Verstappen ya wuce shi daidai wannan kwana, tayoyinsa huɗu a waje, aka umarce shi ya mayar da matsayin, Hamilton ya ci da ƙasa da sakan ɗaya. Mayar da matsayin daidai ne, domin ba a wuce mutum ta wajen hanya. Amma ka ga doka ta sauya ana cikin wasa, kuma kowace ƙungiya ta ɗauki darasin cewa layin nan ana iya ja-in-ja a kansa.

Daga nan zuwa Yuli ana iya taƙaitawa. Hamilton ya ci Fotugal da Sifaniya, Verstappen ya ci Imola da Monako. A Baku tayar Verstappen ta fashe yana kan gaba, Hamilton kuma da aka sake tashi ya taɓa wani maɓalli a sitiyari bisa kuskure, birkinsa ya ƙi kamawa yadda ya kamata, ya zarce, duka suka tashi hannu rabbana, Sergio Perez, abokin tuƙin Verstappen a Red Bull, ya ci. Sai Verstappen ya jera uku, Faransa da tsere biyu a Ostiriya, ya ba da tazarar maki 32. A tsere na biyu na Ostiriya, abin lura, an ci Lando Norris tarar sakan biyar saboda ya tura Perez wajen hanya, shi ma Perez aka ci shi irin wannan tara har sau biyu saboda Charles Leclerc. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ranar 18 ga Yuli a Silverstone na Ingila Hamilton ya daina kaucewa. A zagayen farko, a kwanar Copse da ake sha da gudun kusan kilomita 290 a awa, ya shiga ta ciki, tayarsa ta gaba ta taɓa ta bayan Verstappen, motar Red Bull ta juya ta daki shingen tayoyi da ƙarfin da na'ura ta auna ya ninka nauyin jiki sau 51. An kai Verstappen asibiti a duba shi. Alƙalai suka ce mafi yawan laifin na Hamilton ne, suka ci shi tarar sakan goma, ya biya, ya kamo Leclerc dab da ƙarshe ya ci tseren a gaban mutanen ƙasarsa. Tazarar da ta kai 33 bayan gajeren tseren ranar Asabar ta dawo takwas.

Magoya bayan Verstappen har gobe suna jin zafin wannan, kuma ina fahimtarsu. Mutum ya yi laifi, abokin hamayyarsa yana asibiti, shi kuma ya kwashe maki 25. Amsar alƙalai ita ce suna hukunta aikin da aka yi ne, ba sa auna girman ɓarnar da ta biyo baya, kuma ƙungiyoyi da kansu suka amince da wannan tsari tun da farko. A ganina ƙa'ida ce mai kyau, domin taɓawa ɗaya tana iya ƙarewa a banza yau, gobe ta ƙare a asibiti. Abin da ya munana shi ne abin da ya biyo baya. Shugabannin ƙungiyoyin biyu, Christian Horner na Red Bull da Toto Wolff na Mercedes, suka mayar da layin rediyon darakta tamkar zauren kai ƙara, kowa na faɗin nasa ana watsa wa duniya, domin a shekarar ce aka fara sako wannan zance a talabijin. A kafafen sada zumunta kuma aka yi wa Hamilton ruwan zagi na wariyar launin fata, har sai da FIA da masu gasar da Mercedes suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa, ita ma Red Bull ta yi tir.

Mako biyu bayan nan a Hungari, Valtteri Bottas, abokin tuƙin Hamilton, ya makara wajen taka birki a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, ya haddasa karon da ya lalata motar Verstappen, wanda ya lallaɓa ya ƙare na tara. Esteban Ocon ya ci tserensa na farko. A tsere biyu Verstappen ya yi asarar makin da ba laifinsa ba, kuma duka biyun motar Mercedes ce ta jawo. Ya farfaɗo a gida, a Zandvoort, tseren farko a Holan tun 1985. Sai Monza, 12 ga Satumba: Hamilton ya fito daga gareji, suka isa kwanar farko kafaɗa da kafaɗa, babu mai ja baya, motar Verstappen ta hau tudun gefen hanya ta ɗaga sama ta sauka a kan ta Hamilton, tayar baya ta gogi hular kwanonsa. Ƙarfen kariyar nan da aka kewaye kan direba da shi tun 2018, wanda da yawa suka kushe da farko saboda muni, shi ya tare nauyin. Wannan karon aka ce mafi yawan laifin na Verstappen ne.

Har zuwa nan, duk da gunaguni, ana iya cewa hukunci yana bin wata hanya: wanda ya cusa kai bai isa ba, ko ya hana abokinsa wuri, zai biya. A Barazil hanyar ta ɓace.

Kafin nan Hamilton ya ci nasararsa ta 100 a Sochi, Bottas ya ci Turkiyya, Verstappen ya ci Amurka da Meziko ya ba da maki 19. A Sao Paulo aka soke sakamakon gwajin Hamilton saboda buɗewar fiffikensa na baya ta wuce milimita 85 da doka ta yarda, da abin da bai kai kaurin farce ba. Ya tashi na 20 a gajeren tseren Asabar, ya ƙare na biyar cikin zagaye 24. Aka sake mayar da shi baya gurbi biyar saboda ya sa sabon inji, ya tashi na goma ranar Lahadi, ya ci tseren. Ban ga tuƙin da ya fi wannan a shekarar ba. Amma a zagaye na 48, da ya nemi wuce Verstappen ta waje a kwana ta huɗu, Verstappen ya jinkirta birki har su duka biyun suka fice daga hanya da nisa. Alƙalai suka ce babu buƙatar bincike. Abin da aka ci Norris da Perez tara a kansa a watan Yuli, wanda bai kai wannan ba, ya zama halal a Nuwamba. Daga baya aka gane ba su ma ga hoton kyamarar gaban motar Verstappen ba lokacin da suka yanke shawara. Mercedes ta nemi a sake dubawa, aka ƙi. Da aka je Katar direbobi da dama suka fito fili suka ce yanzu ba su san abin da aka yarda da shi ba.

Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ka bari ya yi a Barazil, da wane baki za ka hana shi a Jidda? Tseren Saudiyya na farko a tarihi, ranar 5 ga Disamba, ya zama hargitsi: jar tuta sau biyu, tashi daga tsaye sau uku. Bayan Verstappen ya riƙe gaba ta hanyar yanke kwana, duniya ta ji Masi a rediyo yana yi wa Jonathan Wheatley na Red Bull tayi, cewa su yarda direbansu ya koma na uku a bayan Ocon da Hamilton, in ba haka ba a miƙa maganar ga alƙalai. Masu kare Masi sun ce an daɗe ana irin wannan a bayan fage, kuma gaskiya ne. Sai dai ka ɗauka alƙalin wasan ƙwallo ne ya je wurin koci yana tambayarsa ko zai karɓi katin gargaɗi, kowa na ji. Ko da niyyarsa mai kyau ce, kwarjininsa ya tafi. A zagaye na 37 aka sake cewa Verstappen ya ba da hanya, ya rage gudu a wurin da zai ba shi damar sake wucewa nan take, Hamilton ya gane dabarar ya ƙi wucewa, Verstappen ya taka birki da ƙarfi, Hamilton ya daki bayansa. Kar ta san kar. Tara biyu aka ci Verstappen, sakan biyar da sakan goma, Hamilton ya ci da karyayyen fiffike, lissafi ya zama 369.5 da 369.5.

A Abu Dabi Verstappen ne ya tashi a gaba, amma Hamilton ya fi shi tashi mai kyau. A zagayen farko Verstappen ya cusa ta ciki, Hamilton ya yanke kwana ya ci gaba da jagoranci, alƙalai suka ce babu bincike. Wannan karon Red Bull ce ta yi kuka, kuma tana da hujja. Daga nan dai motar Mercedes ta fi gudu ƙarara. Perez ya yi wa ƙungiyarsa aiki na ban mamaki, ya tare Hamilton da tsofaffin tayoyi har tazarar kusan sakan takwas ta narke, amma da Hamilton ya wuce sai ya sake nisa. Da motar Antonio Giovinazzi ta mutu a gefen hanya, an ji Wolff yana roƙon Masi kada ya fito da motar jagora. Ya kamata a tuna da wannan, domin ɓangarorin biyu duk sun ja rigar alƙali a daren.

A zagaye na 53 cikin 58, Hamilton yana gaba da kimanin sakan 12, Nicholas Latifi na Williams ya daki bango a kwana ta 14. Motar jagora ta fito. Red Bull ba ta da abin asara, ta kira Verstappen ta sa masa sababbin tayoyi masu laushi. Mercedes kuwa gaba kura baya sayaki: idan Hamilton ya shiga gareji, Verstappen zai zauna a waje ya karɓi gaba, kuma bisa lissafin doka da zagayen da suka rage, akwai yiwuwar tseren ya ƙare a bayan motar jagora, wato sun miƙa kambu da hannunsu. Suka bar shi a kan tayoyi masu tauri da ya sa tun zagaye na 14.

Ga abin da doka ta ce, sashe na 48.12 na ƙa'idojin shekarar. Idan darakta ya ga babu haɗari, zai ba motocin da aka riga aka yi wa zagaye, wato waɗanda na gaba suka tsere musu da zagaye guda ko fiye, izini su wuce su koma bayan layi, kuma bayan ta ƙarshe ta wuce, motar jagora za ta koma gareji a ƙarshen zagaye na gaba. Tsakanin Hamilton da Verstappen akwai irin waɗannan motoci biyar: Norris, Fernando Alonso, Ocon, Leclerc da Sebastian Vettel. Da farko aka sanar cewa ba za a bar su su wuce ba. Horner da Wheatley suka hau rediyo, suna cewa zagaye ɗaya kawai ake buƙata. A zagaye na 57 sai saƙo ya sauya: waɗannan biyar ɗin kaɗai su wuce. Daniel Ricciardo da Lance Stroll da Mick Schumacher, da su ma an yi musu zagaye, aka bar su inda suke. Kuma a ƙarshen wannan zagayen dai, ba na gaba ba, aka janye motar jagora.

Abu biyu aka saɓa a lokaci guda, kuma da an bi ko ɗaya daga ciki da labarin ya sha bamban. Da an jira zagaye na gaba, tseren ya ƙare a bayan motar jagora, Hamilton ya ci. Da an bar motoci biyar ɗin a wurinsu aka saki tsere, sai Verstappen ya ratsa su kafin ya isa ga Hamilton cikin zagaye ɗaya. Da ma jar tuta aka ɗaga tun farko, kowa zai sa sabuwar taya a yi zagaye huɗu na gaskiya, kuma da babu mai cewa uffan. Abin da aka zaɓa shi ne wanda babu shi a littafi. Shi kansa Masi, a tseren Nürburgring na 2020, ya bayyana wa 'yan jarida cewa doka ta wajabta a bar dukkan motocin da aka yi wa zagaye su wuce. Carlos Sainz da ke na uku kuma an bar motoci tsakaninsa da Verstappen, kamar shi ba tsere yake ba.

Sabuwar taya mai laushi da tsohuwa mai tauri da ta yi zagaye sama da 40, wannan ba karo ba ne. Verstappen ya shiga ta ciki a kwana ta biyar, Hamilton ya yi yunƙurin ramawa a dogayen miƙaƙƙun hanyoyi biyu da suka biyo baya, bai samu ba, Verstappen ya ci tseren da kambun. Wolff yana ihu a rediyo cewa wannan ba daidai ba ne, Masi ya amsa masa cewa tseren mota ake kira, kuma tsere aka yi.

Wannan amsa ita ce zuciyar maganar. Tun da kamfanin Liberty Media na Amurka ya sayi gasar a 2017, an karkata ga jan sababbin 'yan kallo, kuma an yi nasara ƙwarai. Ƙungiyoyi da kansu sun daɗe suna cewa a bar direbobi su fafata, kuma a yi ƙoƙari kada tsere ya ƙare a bayan motar jagora. Buri ne mai kyau, amma ba a rubuta shi a doka ba, aka bar shi a wuyan mutum ɗaya da ke da 'yan mintuna, shugabanni biyu suna masa magana a kunne, ma'aikata suna kan hanya suna kashe wutar birkin motar Latifi. Ban yarda Masi ya shirya ba wani kambu ba. Na yarda dai shekara guda ya yi yana sassauta doka domin kowa ya samu abin da yake so, har ranar da abin da mutum ɗaya ke so ya zama asarar ɗayan gaba ɗaya.

Shin Verstappen ya cancanta? A kan tsere 22, ƙwarai kuwa. Ya ci goma, Hamilton takwas. Sau 18 yana ƙarewa na ɗaya ko na biyu, sauran huɗun su ne Baku da Silverstone da Hungari da Monza, kuma uku daga ciki ba shi ya jawo ba. Zagayen da ya jagoranta sun ninka na Hamilton. A daren Abu Dabi bai karya doka ko ɗaya ba a zagayen ƙarshe, an buɗe masa ƙofa ya shiga, kowane direba haka zai yi. Ya zama ɗan Holan na farko da ya ci kambu, kuma direban farko da ya ci da injin Honda tun Ayrton Senna a 1991. Hamilton kuma ya cancanci tseren nan, kuma tseren nan shi ne kambun. Na kasa ganin yadda ɗaya daga cikin maganganun biyu za ta soke ɗaya, shi ya sa musun bai mutu ba har yau. Mercedes ta tashi da kambun ƙungiyoyi na takwas a jere, maki 613.5 da 585.5, amma babu wanda ya ga murna a fuskarsu.

Ƙorafe-ƙorafen Mercedes biyu alƙalai sun yi watsi da su a daren, suna kafa hujja da sashe na 15.3 da ya ba darakta iko a kan motar jagora. Ƙungiyar ta ba da sanarwar ɗaukaka ƙara, ta janye ranar 16 ga Disamba. Hamilton, wanda ya je ya yi wa Verstappen musafaha tun kafin ya huce, bai halarci bikin ba da kyauta a Faris ba, ya yi shiru kusan wata biyu. Latifi, da laifinsa kawai shi ne motarsa ta kuɓuce masa, ya bayyana cewa har barazanar kisa aka aika masa. Sabon shugaban FIA, Mohammed Ben Sulayem, ya cire Masi a watan Fabrairu 2022, aka hana shugabannin ƙungiyoyi kiran darakta kai tsaye, aka daina watsa zancen, aka kafa ɗakin taimakon alƙalai ta bidiyo. Rahoton hukumar na watan Maris ya ce kuskuren ɗan Adam ne, Masi ya yi da kyakkyawar niyya, sakamako kuma yana nan daram. A sashen da aka yi rigima a kai kalma ɗaya aka sauya, yadda yanzu ya ce dukkan motocin.

A watan Satumba 2022 a Monza motar Ricciardo ta mutu dab da ƙarshe, aka bi doka yadda take, tsere ya ƙare a bayan motar jagora, 'yan kallo suka yi ta ihun rashin jin daɗi, Verstappen ne ma ya ci. Wata guda bayan nan FIA ta sanar cewa Red Bull ta wuce iyakar kuɗin 2021 da kashi 1.6 cikin ɗari, aka ci ta tarar dala miliyan bakwai, aka rage mata lokacin gwajin iska da kashi goma, ba a taɓa maki ba. Verstappen ya ci kambun 2022 da 2023 da 2024. Nasarar Jidda ita ce ta 103 ga Hamilton, kuma ta 104 ba ta zo ba sai ranar 7 ga Yuli 2024, a Silverstone, bayan ya riga ya sa hannu zai koma Ferrari.